Da sauƙi, ɗiyata

A amalanken shanu aka kawo shi, wajen ƙarfe 11 na dare, cikin damanar 2006. Watana huɗu ke nan da fara aikin jinya a wata CSI, wato ƙaramin asibitin ƙauye, kudu da Maraɗi, kuma a daren ni kaɗai ce a gardi, wato aikin kwana, sai mai gadi da fitilar ƙwai. Tsoho ne dogo mai farin gemu, zai kai shekara 70. Da ƙafarsa ya sauko. Mijin ɗiyarsa ya miƙa hannu zai tallabe shi, ya ture hannun, ya tako a hankali har gadon awo ya zauna.

Na ce, "Sannu Baba, ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi, ɗiyata. Alhamdu lillahi."

"Mi ke maka ciwo?"

"Ciki ne ya ɗan murɗa. Yaran nan ne suka matsa sai an zo."

Na auna zafin jikinsa, ya ɗan wuce 38. An ce ya yi amai sau biyu a gida. Damana ce, lokacin da kusan duk wanda ya shigo da masassara da amai cizon sauro ne, sai hankalina ya tafi can. Na taɓa cikinsa ta saman riga, sama-sama, don ya riƙe bakin rigar gam, ga kuma surukinsa tsaye a kanmu. Na rubuta a rajista cewa ciwo kaɗan ne, na ba shi parasitamol da maganin masassara, na ce ya kwanta zuwa safe. Sau biyu na zagayo cikin dare da fitila. Ya jiki, Baba? Da sauƙi. Wajen ƙarfe 4 ma na ga kamar ya natsu, har na ji daɗi a raina na ce magani ya karɓe shi.

Majo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke shugabantar wurin, a bayan asibitin gidansa yake. Bayan sallar asuba ya shigo. Bai ce ya jiki ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallo, ya daɗe. Daga baya ya lissafa mini abin da ya gani, kuma duk abubuwan suna nan tun dare, ni ce ban duba ba: hannun Baba na dama ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyi sun miƙe, gwiwoyinsa a naɗe, numfashinsa gajere-gajere daga ƙirji, cikin ba ya motsi ko kaɗan, goshinsa na tsattsafo da gumi alhali ana sanyin ruwan da aka kwana yi. Tasbaharsa kuma tana ƙasa, ta faɗi bai iya sunkuyawa ya ɗauka ba.

Majo ya aiki surukin ya je rijiya ɗebo ruwan da babu mai bukata. Ni kuma ya ce in tsaya bayan labule. Ina jin sa ya zauna a bakin gadon ya ce, "Baba, ni da kai ne yanzu, maza biyu. Nuna mini wurin da yatsa ɗaya." Aka yi shiru. Can sai na ji tsohon yana kwance zariyar wandonsa.

Ƙaba ce. Shekaru yana fama da ita, in ta sauko ya mayar da hannunsa, babu wanda ya sani ko a gidansa. Tun la'asar ɗin jiya ta sauko ta ƙi komawa, ta yi tauri kamar dutse. Hanji ne ke kutsawa ta wata ƴar kafa a jikin bangon ciki, kafar ta shaƙe shi, jini ya daina isa, cikin awoyi kaɗan ya fara mutuwa. Natsuwar da na gani da ƙarfe 4 har suna gare ta a littattafanmu, lafawar yaudara, wadda kan zo bayan abu ya riga ya lalace a ciki. Na karanta ta, na ci jarrabawa a kanta, ta zo gabana na yi mata murna.

Sai da hantsi motar asibiti ta iso, saboda ruwa ya cinye hanya. A Maraɗi aka yi masa tiyata aka yanke hanji kusan taƙi biyu. Ya yi sati uku a kwance, iyalinsa suka sayar da ɗaya daga cikin shanun nan biyu da suka jawo amalanken. Bayan kaka ya dawo da zabi biyu a hannu, wai nawa ne, don ni na kwana a kansa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Majo bai yi mini faɗa ba. Da motar ta tashi, muna tsaye muna wanke hannu, ya ce, "Kin gaishe shi sau uku, ya amsa miki sau uku. Yaushe kika tambaye shi?"

A Bagalam aka haife ni, a nan cikin Maraɗi, kuma a Damagaram na yi shekara uku ina koyon aikin jinya. An koya mana auna ciwo, ba a ɓoye mana komai ba. Akwai ƴar rula mai tsawon santimita 10 da abin turawa a jikinta. Gefen da maras lafiya ke gani babu lamba, layi ne kawai daga babu ciwo zuwa ciwon da ya fi kowane, shi zai tura ya tsayar inda yake ji, ke kuma ki juya bayanta ki karanta lambar. Akwai tambayar baki, daga 0 zuwa 10 nawa ne, inda 1 zuwa 3 ke nufin kaɗan, 4 zuwa 6 matsakaici, daga 7 zuwa sama mai tsanani. Akwai takarda mai fuskoki shida, daga mai murmushi zuwa mai hawaye. A daren nan rular tana aljihun farar rigata, ban fito da ita ba.

Ko da na fito da ita ma, ban san abin da za ta ba ni ba. Bayan abin da ya faru na dage da amfani da ita ga kowa, na sha kallo. Wata tsohuwa ta juya ta gaba da baya ta tambaye ni ko ta awon yadi ce. Wani magidanci da karaya a cinya na nuna masa fuskokin, ya tsallake mai hawaye ya nuna ta tsakiya, ya ce shi ba ya kuka. Masu cewa mutanenmu ba su san lissafi ba ne shi ya sa, ba su taɓa cinikin tumatir da matan babbar kasuwa ba, waɗanda za su haɗa miki dala da jika a ka kafin ki buɗe wayarki. Abin da ba su saba da shi ba shi ne a ƙirga ciwo. Ka ce wa dattijo ya ce 10, sai ya ce, "Subhanallahi, ai akwai waɗanda suka fi ni." A wurinsa faɗin 10 kamar butulci ne ga Wanda ya bar shi da numfashi.

Kuma ba ƙarya Baba ya yi mini ba. Haka aka rene mu duka. Sau nawa muka je dubiya aka ce jiki da sauƙi, washegari muka ji sanarwar jana'iza? Amsar gaisuwa ce, rabinta addu'a. Yaro tun ranar kaciya ake ce masa namiji ba ya raki. Yarinya kuma kafin haihuwar fari za a ja mata kunne kada a ji muryarta, kada dangin miji su samu abin faɗa. Ni da kaina, da takardar shaidata da rulata, gefen zane na ciza a haihuwata ta fari a 2009, ungozoma na tambayata ina ce mata babu komai.

Don haka na koma makarantar Majo. Gaisuwa dai dole ce, ba a fasa ta, in ka tsallake ta ma ka rufe ƙofa. Amma in an gama sai in ja kujera in zauna, in duba wa ke cikin ɗakin. Suruki, uwar miji, ɗan fari, kishiya, duk wanda ake jin nauyinsa sai na samo masa aike. Sannan in ce a nuna mini da yatsa ɗaya. Wanda ya ɗora yatsa a wuri guda ya riga ya ba ni rabin amsa, wanda kuma ya shafa tafin hannu a duk cikin ya ba ni wata amsar daban.

Sai kalmar da mutum ya zaɓa. A nan Hausa ta fi rular nan wadata nesa ba kusa ba, kuma shekaruna na farko ina zubar da wannan arziki, ina tattara komai in rubuta kalma ɗaya ta Faransanci. Murɗa da ke zuwa ta lafa ta sake dawowa, yawanci hanji ne ko tsakuwa a hanyar fitsari ke kokawa. Suka a haƙarƙari da ke ƙaruwa in an ja numfashi tana kai hankalina ga huhu. Zogi, wanda ke bugawa tare da bugun zuciya ya hana barci, sau da yawa ruwa ne ya taru a ƙurji ko a haƙori. Raɗaɗi na ƙuna ne da gyambo. Tsami na gajiya da masassara ne. Mai ciwon sukari in ya ce tafin ƙafarsa kamar an zuba barkono, ko kamar tururuwa na yawo a ciki da dare, jijiya ce ke ciwo, kuma parasitamol ba ya yi mata wani abin kirki, maganinta daban ne. Wanda kuwa ya dafe ƙirji ya ce kamar an aza masa buhun hatsi, nauyin na sauka hannun hagu, ba na tsayawa neman lamba, likita nake kira a guje.

Ma'aunin da ya fi yi mini aiki a wurin manya shi ne salla. Dattijon da ba zai taɓa ce miki ciwonsa 8 ne ba, in kika ce, "Baba, azahar a tsaye ka yi ta ko a zaune?" zai gaya miki gaskiya tsaf, don wannan maganar addini ce, ba a wasa da ita. Kwana nawa ke nan kana yi a zaune? Ruku'u ne ke gagara ko sujada? Wanda ya kai ga yin ta a kwance da ishara, ko ya ce da sauƙi sau ɗari na san inda muke. Mata kuma ina tambayarsu daka, da ɗaukar ruwa, da goyo. Sai barci, ko ciwon ya tashe ki cikin dare, sau nawa.

Lamba dai ana bukatarta, don ita ake rubutawa, ita wadda za ta karɓe ni gardi za ta gani. Sai na ɗauki gujiya goma na zuba a murfin gwangwani. In ce, "Iya, in duka goman nan su ne ciwon da ya fi kowane ciwo da kika taɓa ji a duniya, ware mini na yanzu." Abin mamaki, matar da ba za ta furta bakwai da bakinta ba, sai ta sa yatsa ta ture bakwai gefe ba tare da ta dube ni ba. Dabarata ce kawai, babu ta a littafi, kuma bakwai ɗin wata ba ita ce bakwai ɗin wata ba. Amfaninta yana wajen dawowa: rabin awa bayan allurar jijiya, awa ɗaya bayan ƙwaya, in sake miƙa murfin. In bakwai ta koma uku, magani ya yi. In tana nan bakwai, ko dai maganin ya yi kaɗan ko kuma akwai abin da ban gano ba. Wata rana na juya ina rubutu, kafin in waiwayo wata Iya ta cinye uku, ta ce ta ɗauka sadaka ce. Tun daga nan na koma ƙwallon dabino.

Yara ƙanana ba a tambayarsu, kallonsu ake yi. Akwai wani ma'auni da aka tsara a Faransa, EVENDOL, na jarirai har zuwa shekara 7. Abu biyar ake dubawa, murya, fuska, motsi, yadda yaro ya ajiye jikinsa, da yadda yake hulɗa da na kusa da shi, kowane a ba shi maki daga 0 zuwa 3, jimla 15, in ya kai 4 a ba da magani. Daga nesa ake fara kallo, yana jikin uwarsa, don farar riga kaɗai ta isa ta sa kowane yaro tsala ihu. Mai ihun ma bai cika ba ni tsoro ba. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne wanda ya kwanta shiru, ido buɗe, ba ya bin kowa da kallo, ba ya korar ƙuda, uwar na cewa ai yaron haƙuri gare shi. Ciwon da ya daɗe yana cin yaro haka yake mayar da shi. Na ga irinsu da yawa da taifod ta huda musu hanji. In uwa ta ce mini tun jiya ya ƙi yarda a goya shi, ba na bukatar ƙarin bayani mai yawa.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce na koyi darasi na wuce. To, na sake yin kuskuren, ta ɗaya gefen, kuma wannan ya fi ci mini rai don a lokacin ba yarinya ba ce ni.

Bayan an dawo da ni aiki cikin gari ne, a wani dare na hunturu a 2013. Aka shigo da saurayi ɗan shekara 19 yana ihu yana birgima, wai ƙafafunsa da bayansa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Likita, parasitamol ba ya yi mini komi. A ba ni tramol ta jijiya, ko morfin in akwai." A shekarun nan tramol ta cika gari, a tasha, a teburin mai shayi, a aljihun masu kabu-kabu, kuma mun sha karɓar samarin da suka sha ta wuce kima suna faɗuwa kamar masu farfaɗiya. Da na ji ya kira sunan magani har da hanyar da za a ba shi, sai zuciyata ta yanke masa hukunci. Na auna tansiyo da bugun zuciya, ba su hau sosai ba. Na fita na dawo na same shi yana latsa waya. Na tambaye shi lamba, ya ce 10. Na rubuta 5.

Awa biyu ya yi a haka. Uwarsa ce ta biyo ni har tebur, ta kwance bakin zanenta ta fito da wani tsohon karne, littafin asibitinsa, da ya sha ɗinki, ta buɗe mini shafin da aka rubuta SS. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Likita, tun yana wata takwas hannuwansa suka fara kumbura. Ya san sunan maganin nan kamar yadda ya san sunan ƙannensa."

Amosanin jini ne, sikila. Ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi ya rasa iska, kuma sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da masassara su ne ke tayar da shi, ga shi ana tsakiyar ɗari. Jikin da ya shekara 19 yana shan wannan azaba ba lalle ne bugun zuciyarsa ya tashi kamar na sabon shiga ba. Wayar kuma da ita yake ɗauke hankalinsa kada ya haukace. Na kira likita, aka sa masa ƙarin ruwa da maganin da ya roƙa tun farko. Bayan rabin awa ya ce 6, ya yi barci da takalmi a ƙafarsa.

Akwai maganar wata ma'aikaciyar jinya ta Amurka, Margo McCaffery, tun 1968, wadda muka haddace saboda jarrabawa, cewa ciwo shi ne abin da mai jin sa ya ce shi ne, kuma yana nan duk lokacin da ya ce yana nan. Shekaru ina ganin maganar ba ta dace da mu ba, tun da namu ba sa faɗa. Ga wanda ya faɗa ƙarara, na rage masa rabi da alƙalamina. Ban ce babu masu yaudara ba, na haɗu da su, kuma har yau ina duba karne ina tambayar tarihi. Amma lambar da mutum ya faɗa ita nake rubutawa yanzu, in ina da shakka in rubuta shakkata a gefe da sunana.

Abin da ya fi komai nauyi a aikin nan shi ne ka auna ka samu 9, hannunka babu komai sai parasitamol. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsani mai hawa uku, parasitamol da ire-irensa a ƙasa, kodin da tramol a tsakiya, morfin a sama. A takarda tsanin cikakke ne. A gardin dare kuwa hawan sama sau da yawa babu shi, ko yana cikin kabad a kulle mai makullin ya tafi gida, ko an rubuta ordinas dangi suna waje suna haɗa kuɗi. Na san abokan aiki da suka daina tambaya saboda haka, kuma ban ga laifinsu sosai ba, da wuya ka tambayi mutum yunwarsa alhali tukunyarka wayam. Ni dai ina tambaya ina rubutawa, don da wannan lambar nake zuwa in buga wa likita ƙofa ƙarfe 2 na dare.

A 2021 ciwon daji ya kama Innarmu a nono, kafin a farga ya shiga ƙashi. Mun je Yamai mun dawo, aka ce a kula da ita a gida. Ɗakinta na Bagalam kullum cike da ƴan dubiya, kuma kowa ya tambaya amsa ɗaya ce. Ni ce ɗiyarta ta fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta dube ni ta ce tana jin ciwo. Ƙwallon dabino ma ta ƙi, ta ce ita ba yarinya ba ce. Sai muka yi wata yarjejeniya ba tare da mun taɓa zama mun yi maganarta ba. In na zauna kusa da ita sai in sa hannuna ƙarƙashin mayafinta kamar ina gyara mata, ita kuma ta riƙa taɓa tafin hannuna da yatsa, ina ƙirgawa. Morfin ɗinta na sha ne, duk awa huɗu bisa agogo, ba a jiran ciwo ya taso.

Wata Juma'a aminiyarta ta zo daga Tibiri da wasu mata biyu. Suka ce, "Hajiya, ya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi sosai yau, har fura na sha."

A ƙarƙashin mayafi ta taɓa ni sau takwas. Na dubi agogo, saura minti 40 lokacin magani ya yi. Na ce wa baƙin su ɗan koma tsakar gida zan juya ta, na buga wa likitanta waya, ya ce in ba ta ƙarin da ya rubuta don irin haka. Na ba ta, na gyara mata matashi a ƙarƙashin ƙugu, na zauna. Da awa ta cika na mayar da hannuna. Sau uku. Ta buɗe ido ta ce, "Ke, kira mini su su dawo, ba mu gama zancen bikin ba."